A Ƙasan Matakala: Musayar Waƙa Kan Fim Ɗin Damage

Ɗan Kurmi:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na sake kallon Damage, fim ɗin da Louis Malle ya shirya a 1992 daga littafin Josephine Hart na 1991. Ga wanda bai gani ba: Stephen Fleming, wanda Jeremy Irons ya fito a matsayinsa, likita ne da ya koma siyasa har ya zama minista a Ingila. Yana da mata Ingrid, da ɗa Martyn ɗan jarida, da 'ya Sally. Sai ya afka wa Anna, wato Juliette Binoche, mai aiki a gidan gwanjon kayan tarihi, budurwar ɗan nasa. Barci ya ƙi zuwa, sai na ɗauko alƙalami.

Da sunan Allah na buɗe baki,
Ya tsare mu da hanyar ɓacewa.

Akwai wani dattijo can a Landan,
Minista, tauraronsa na haskawa.

Gida babba, mata mai asali,
Da 'ya'ya biyu masu tasowa.

A wajen liyafa aka yi arba,
Ta doso shi ba ta kaucewa.

Ta ce masa ita ce ta ɗansa,
Ya tsaya ƙiƙam babu motsawa.

Ta bugo waya har ofis ɗinsa,
Ya bar aikin ba jinkirtawa.

Ya je gidanta, ba a ce uffan ba,
Wutar kara ce, sai cinyewa.

To tambayata gare ku 'yan uwa,
Wannan so ne ko haukacewa?

Malam Na-Zaure:

Wa alaikumus salam, Ɗan Kurmi. Kada ka ɓata wa so suna.

So yana da kunya, yana da kara,
Yakan yi sallama kafin ya fara,
Yakan ga ɓaraka ya tsaya ya gyara,
Wannan ko ɗaya bai yi ba.

Yarinyar da ɗanka yake shirin aura,
Ko inuwarta ka hanga sai ka ƙaura,
In ta gaishe ka, kai ƙasa, ba hira,
Ba a san haɗa ido da suruka ba.

Ka tuna Yusufu, an kulle ƙofa,
Matar Azizu ta ja shi, ta yage tufa,
Shi ya nufi waje da iyakar ƙafa,
Bai tsaya neman uzuri ba.

Shi ko Stephen da ya doshi tsufa,
Shi ya bi sawu har bakin ƙofa,
Da hannunsa ya ɗau wuta ya jefa,
Ba wani ne ya tura shi ba.

Yusufu a ƙofa ya tarar da maigida,
Rigarsa ta baya ta zame masa shaida,
Shi ko a tasa ƙofar wa ya tsaya? Ɗa,
Ko riga ma bai saka ba.

A duba Suratun Nisa'i aya ta 23, matan 'ya'yan cikinku suna cikin waɗanda aka haramta. Na san wani zai ce ai baiko aka yi, ba a ɗaura ba tukuna. Na ji. Sai a gaya mini sunan abin da mai aure ya yi da wadda ba tasa ba.

Sarkin Tasha:

Allah gafarta Malam, ni ban yi zurfi a karatu ba, amma na ga duniya ta madubin mota.

Malam a yi haƙuri, a saurare ni dai,
Ni na ce an yi masa bita-zai-zai.

Yana taron manya a birnin Brussels,
Ya sulale cikin dare shi kaɗai.

Ya hau jirgin ƙasa ya nufi Paris,
Inda ɗansa da ita suka je su biyu kawai.

Ya kira ta, ta bar yaron yana barci,
Suka haɗu a lungu, ba tsoro a rai.

Ya kama otal mai kallon nasu,
Yana leƙe ta taga, ya yi tsai.

Kishi da ɗan cikinka? Haba jama'a,
Mai hankali ba ya haka, an taɓa kai.

Kullum baƙin kaya, ba ta dariya,
Irinta ake gudu, ku yarda kawai.

'Yar Damagaram:

Yaya Sarkin Tasha, baitinka na uku ya yi lodi fiye da kima, ka sauke fasinja ɗaya. Sannan ku maza, da ɗayanku ya faɗa rijiya sai a tashi neman matar da ta haƙa.

Yaya, boka bai shigo fim ɗin nan ba,
Ba laya, ba turare, ba a binne komai ba,
Ka bar asiri, ka dubi tarihinta.

Wanta Aston ya so ta son da bai halatta ba,
Ta ƙi shi, shi kuma bai iya jurewa ba,
Ya kashe kansa, aka bar gawar a ranta.

Tun ranar ta ɗauka so igiya ce,
In an ja ta da ƙarfi mutuwa ce,
Ba ta yarda wani ya ce shi kaɗai ke da ita.

Ta gaya wa Stephen da bakinta tun farko,
Mai tabo a zuci ba ya tsoron tarko,
Ya ji gargaɗin, ya ƙara matsowa gare ta.

Ya ce zai saki Ingrid, wajenta ya dawo,
Ita ta hana, ta san abin da zai jawo,
Shi ne mai son ya mallake ta.

Uwarta ta gane su a wajen cin abinci,
Ta keɓe da shi, ta roƙe shi mutunci,
Ya bari kwana kaɗan, ya koma hannunta.

Ban wanke ta ba, kada a ce na ce,
Aika masa makullin ɗakin haɗuwa ai mugunta ce,
Amma shi ya ɗauka ya je, ba ita.

Uwar Biyu:

Tun ɗazu nake karanta ku ina girgiza kai. Malam na kan Stephen, Sarkin Tasha na kan Anna, ƙanwata ta Damagaram na tsakaninsu. Kun yi abin da mai fim ɗin ya yi, kun zuba wa mutum biyu ido. Ni gidan makoki zan shiga.

Ingrid, ni wajenki na zo gaisuwa,
Na bar su can suna ta fafatawa,
Wa ya fi laifi, wa ya fi cutarwa,
Ba wanda ya leƙo ɗakinki.

Ubanki ne ya ɗora shi a siyasa,
Ke kika reni yara, kika gyara masa,
Ya dawo daga can ki aje masa tasa,
Ya ci, ya kwanta a gefenki.

Tun ranar farko ranki bai kwanta ba,
Kin ce yarinyar nan ba ki gane mata ba,
Kina tsoron ta cuci ɗanki, ba ki sani ba,
Ɓarawon yana kan gadonki.

Mai fim ya ba su ɗaki, ya ba su dare,
Ya ba su Paris, ya ba su kiɗa a jere,
Ke ya bar ki a gefe kina murmushi a takure,
Sai ranar da aka rasa ɗanki.

Sai a kicin, daren da ba ki runtsa ba,
Fuska a kumbure, ba kowa ya buge ki ba,
Na zuci ne bai sami wurin fita ba,
Kika huce shi a kan jikinki.

Kika tambaye shi, da abin ya fi ƙarfinsa,
Me ya hana tun farko ya kashe kansa,
Da kin yi takaba, kin yi kukan rashinsa,
Da yaronki yana nan a gabanki.

Mu nan ɗan fari ko sunansa ba ma faɗa,
Kunya ce, amma shi ne ginshiƙin gida,
Ke kin ce masa kowa da nasa guda,
Nasa Anna ce, Martyn ne naki.

Malam kada ka taso mini, na san kisan kai ba abin faɗa ba ne, zafin uwa ne ya yi magana. Mintunan nan kaɗan su suka ba Miranda Richardson, wadda ta fito a matsayin Ingrid, kyautar BAFTA ta fina-finai a Birtaniya, aka kuma sa ta cikin 'yan takarar Oscar. To da an ba ta fili tun farko fa?

Malam Na-Zaure:

Ban taso ba, Hajiya. Na cire tabarau ina share ido.

Ɗan Kurmi:

Hajiya, na rusuna. Amma bari in tsaya wa Malle da David Hare da ya rubuta masa fim ɗin, ko da zan sha duka. Kiɗan da kika ambata na Zbigniew Preisner ne, kuma in kin sake saurara ba kiɗan biki ba ne, ya fi kusa da na rakiyar gawa.

Hajiya, kin faɗi gaskiya tsantsa,
Amma bar ni in ɗan yi karewa.

Malle bai zuba wa abin nan zuma ba,
Dube su, kamar masu kokawa.

Ba dariya, ba wasa, ba labari,
Kamar mai farfaɗiya na mimmiƙewa.

Ya janye Ingrid ne don mu manta ta,
Kamar yadda mijin yake mantawa.

Mu ma 'yan kallo mun bi shi ɗakin,
Muna ta leƙe ba ƙyaftawa.

Sai ga Martyn ya turo ƙofa,
Ya ga abin da ba ya faɗuwa.

Bai zagi kowa ba, bai ɗaga hannu ba,
Da baya da baya yake janyewa.

Ƙarfen matakala ya tare bayansa,
Ya kifa ta kai, sai faɗowa.

Uban ya biyo shi haihuwar uwarsa,
Hawa bayan hawa yana saukowa.

Ya rungume gawa a gaban jama'a,
Yau babu rigar da ke rufewa.

Ita ko ta sa kaya ta ratsa taron,
Ta wuce abinta ba waiwayawa.

Da an ba Ingrid rabin fim, Hajiya,
Da kicin bai kai haka girgizawa.

Uwar Biyu:

Ɗana, na ji dabarar. Wato a danne mace awa ɗaya da rabi don kukanta ya fi daɗin kallo. Ai haka ake yi mana a gidajen ma, ba a sanin muna nan sai mun fashe.

Malam Na-Zaure:

Ni ƙarshen ne ya tsaya mini a wuya.

Ya ajiye muƙami, ya bar ƙasarsa,
Ya kama ɗaki guda, ba kowa a gefensa,
Yana ɗan cefane da jakar hannunsa,
Na zaci tuba ce, ashe ba ita ba.

Don ya faɗaɗa hoto ya cika bango,
Ya zauna gabansa kamar sabon ango,
Gidan da ya rushe ya koma kango,
Bai sa ya kau da ido ba.

Sarkin Tasha:

To, 'Yar Damagaram, na sauke fasinjan, na kuma sauke boka. Ga abin da ya sa.

Na janye asiri, amma ku ji ni dai,
Ya ce ya sake ganinta sau ɗaya kawai.

A filin jirgi, tana riƙe da yaro,
Da Peter, saurayinta na da can, suna tafe daidai.

Ya ce ba ta bambanta da sauran mata ba,
Ashe wutar a cikinsa take, wai.

Ni da na ɗau fasinja shekara da shekaru,
Ban ga kuɗin mota mai tsadar wannan ba, kai!

'Yar Damagaram:

Yanzu ka hau hanya, Yaya. Bai taɓa tambayarta me take so ta ci ba, balle ya san ta. Hoto yake so tun farko, ga shi ya samu har bango guda.

Uwar Biyu:

Malam, tunda ka kawo hoton, ka ƙirga mutanen cikinsa. Akwai wadda duk zauren nan ba a yi wa ko baiti ɗaya ba.

Sally, auta, ke ma zo ki zauna,
A gidan kakanki da dare, ina tuna,
Kin gan shi yana fitowa daga ɗakin Anna,
Ya yi miki ƙarya a kan idonki.

Ya ce zancen biki ya je su tattauna,
Kika yi shiru, kika koma kika kwana,
Yau ba wa, ba uba, sai wannan a ƙirji yana ƙuna,
Wa zai sauke shi daga kanki?

Hoton bangon nan na ƙirga shi sarai,
Shi, da Anna, da Martyn, su uku kawai,
Ko a ɗakin nadamar tasa, in ma akwai,
Babu ke, ba mahaifiyarki.