Faifai ne ya ɓata hoton bikin, ko wanda ya ɗora?

Hajiya, Aboabo: Salamu alaikum. An kai bidiyon bikin 'yata kasuwar Kejetia a Kumasi an ɗora a faifan DVD saboda kakarta, ita ba ta kallo a waya. A waya fuskoki tar, a talabijin duk sun dushe. Yaron da ya ɗora ya ce faifan ne mai araha. Haka ne?

Kawu mai shagon lantarki: Gaskiya ya faɗa, Hajiya. Araha ba ta ado. A sayi faifai mai kyau a sake.

Mai ɗaukar biki, Asawase: Kawu, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Faifai mara kyau maƙalewa yake yi ko tsalle, ba ya dusar da fuska. Hajiya, awa nawa ne, kuma ta ina ya isa hannun yaron?

Hajiya: Awa 4, tun daga ranar lalle. Ta WhatsApp aka tura masa.

Mai ɗaukar biki: To ga matsalar. WhatsApp ya riga ya matse shi, yaron kuma ya sake matsewa. Faifan 4.7GB awa 2 yake ɗauka cikin mutunci. Aka cusa masa 4, dole leshi da gwaggwaro su koma dishi-dishi da zarar an fara rawa. A kwaso na asali daga wayar ta filash, a raba faifai biyu, ko a nemi mai 8.5GB.

Kawu: Ko an yi haka ba zai kai na waya ba.

Ɗalibi, jami'ar KNUST: Nan Kawu ya yi daidai. Waya tana ɗaukar ɗigon hoto 1920×1080, DVD iyakarsa 720×576 a tsarin talabijin na PAL da muke kai a Gana. Amma Yaya, ni na fi son ɗaya tsarin, NTSC, mai hoto kusan 30 a daƙiƙa. Yawancin wayoyi hoto 30 suke ɗauka a daƙiƙa, PAL kuwa 25, sai tafiyar mutane ta riƙa sarƙewa.

Mai ɗaukar biki: Ƙanena, NTSC layi 480 ne, ka zubar da kusan 100. Kuma wani tsohon talabijin baƙi da fari zai nuna shi. Ka san irin na ɗakin kaka?

Ɗalibi: A gwada minti 5 na rawa a kowane tsari a na'urar DVD ɗinta tukuna.

Hajiya: Faifai biyun na yarda. Kawu, gobe bayan La'asar zan aiko maka da na'urar ku gwada.