Fanka mai ruwa ta daina sanyi, me ake zuba mata?

Maman Hadiza: Assalamu alaikum 'yan zaure. Fankata mai ruwa bara har mayafi muke ja da asuba, bana kuwa iska kawai take hurawa da wani warin gansakuka. Ga Afrilu ya kama, garin Tawa kuwa kun san zafinsa. An ce in zuba jabel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta.

Isufu mai gyara: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin ki zuba komai, cire wuta ki buɗe bayanta ki duba kwalin nan mai ramuka kamar saƙar zuma. Ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa?

Maman Hadiza: Fari fat, har ya yi tauri.

Isufu mai gyara: To shi ne ciwon. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishirin da ke cikinsa ya zauna. Kullum kina ƙara sabo kan tsoho, yana ta kauri, har kwalin ya kasa shan ruwa. Ki samu binegar fari, kofi 1 cikin ruwa kofi 4, ki jiƙa kwalin kamar awa guda, ki ɗauraye a hankali. Kar ki sa buroshi, yagewa yake. Siririn bututun sama ma ki tsokace ramukansa da allura. In kwalin ya fara marmashewa, sai sabo.

Malam Abdu: Ni tsamiya na jiƙa na zuba.

Isufu mai gyara: Malam, ai ba kunu za a dama ba. Ɓarɓashinta zai toshe ɗan injin da ke ɗaga ruwa. In babu binegar, ruwan lemun tsami da aka tace ya fi.

Zainabu: Yaya, don Allah kar ki haɗa jabel da binegar, iskar da suke fitarwa guba ce, tana kama ƙirji. Ni jabel ranar wankin tanki kawai nake sa 'yar kaɗan, in ɗauraye sosai. Kuma ruwan ciki ba ya wuce kwana 3 ban zubar ba, don sauro na ƙwai a ciki.

Maman Hadiza: Turare fa? Humra nake ɗan ɗigawa.

Zainabu: Ashe ke ma da hannunki a ciki! Mai gare ta, tana liƙe ramukan, ƙura ta manne. Ki bar wa kasko aikinsa.

Malam Abdu: Ƙanƙara dai tana aiki, wannan ba mai musa mini.

Alhaji Mamman: Na ɗan lokaci ne Malam, ta narke a koma gidan jiya. Abin da na gani gidaje da yawa shi ne a rufe ɗaki ruf kamar an kunna kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ita tana son busasshiyar iska ta shigo mata ta baya, mai danshin ta samu hanyar fita. A ajiye ta bakin taga, a bar ƙofa a ɗan buɗe. Shi ya sa in damina ta sauka ba ta da wani amfani, sai a kashe injin ruwan a bar fankar kaɗai.

Maman Hadiza: Alhaji, tawa a kusurwa take, bayan gado. Bari yaran su dawo makaranta su tayani ja.

Isufu mai gyara: In kin buɗe ki turo hoton kwalin mu gani.