Neman kalma: me za mu ce wa "clean sheet" da Hausa?

Jama'a ku taya ni mu tsayar da magana ɗaya a kan wannan kalma, don kullum a gidan kallon ball sai ka ji ana "kilin shit kilin shit", in kuma an zo rubutu sai a ja dogon zance wai "an tashi wasa ba tare da an zura musu ƙwallo a raga ba". Daidai ne amma ya yi tsawo, ba ka iya ƙirga shi ka ce gola ya yi guda biyar.

Ga misalin da za mu gwada kalmar a kai. Jami'ar Stanford ta Amurka a 2016, ƙarƙashin koci Jeremy Gunn, ta ci kofin jami'o'i na NCAA, kuma duk zagayen kifa ɗaya ƙwala ba wanda ya ci su ko ɗaya a cikin wasa. Wasan kusa da na ƙarshe da North Carolina 0-0, aka je fenareti suka ci 10-9. Na ƙarshe da Wake Forest a Houston shi ma 0-0, fenareti 5-4, golansu Andrew Epstein ya tare guda biyu. Wato wasanni biyun ƙarshe ba su ci ba, ba a ci su ba, kuma suka ɗaga kofi. Masu cewa wasan ba daɗi su je su gwada tsare gida minti 110 ba kuskure ko ɗaya, 'yan baya na sa kai suna sa ƙafa, 'yan gaba ma na dawowa taya su.

Wani ɗan uwa ya ce a ce "farar takarda". Yallaɓai ban yarda ba gaskiya, wannan fassarar kai tsaye ce, Bahaushe in ya ji farar takarda hankalinsa jarabawa zai tafi ko kotu.

Wani kuma ya kawo "ba a taɓa raga ba". Wannan ta fi, amma duba lissafin Stanford ɗin nan, a bugun fenareti ai ƙwallo ta shiga ragarsu sau 9 ranar North Carolina, sau 4 ranar Wake Forest, an taɓa raga sosai ma, sai dai ba a lissafa na fenaretin raba gardama.

Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne KULLE RAGA. Su kansu Amurkawa "shutout" suke cewa, wato rufe wa mutum ƙofa, kun ga mun ma fi kusa da tasu. Kuma tana juyuwa a baki yadda ake so: sun kulle raga, gola ya kulle raga sau biyar a jere, yau ba za su iya kulle raga ba. Tana kuma nuna aiki ne aka yi da gumi, ba sa'a ce ta faɗo ba.

Amma don Allah kar a haɗa ta da tarewa a gida, irin wanda kowa ke komawa baya a toshe hanya. Wancan salon wasa ne, kulle raga sakamako ne. Stanford ɗin ai a 2015 sun ci Clemson 4-0 a wasan ƙarshe, sun kulle raga kuma ba tarewa suka yi ba.

Inda nake neman taimako shi ne jam'i. A 2017 sun sake ɗaukar kofin, suka ci Indiana 1-0 a ƙarin lokaci, to in aka jera irin wannan guda biyar za mu ce "kullen raga biyar" ne ko "kulle raga sau biyar"? Malaman Hausa da masu sharhin wasanni a rediyo, bismillah.