Shawarwarin da na tattaro kan yawo da mota mai ɗaki a Kalifoniya

Ƙanena da ke karatu a Amurka yana son ya yi hayar motar nan mai gado da kicin da bayi, shi da abokansa su bi gaɓar teku daga San Faransisko zuwa Los Anjeles, shi ne na kai maganar majalisarmu ta Mabera.

Waɗanda suka taɓa zuwa bakinsu ɗaya: kar ya kuskura ya shiga tsakiyar San Faransisko da ita, tituna duk hawa da gangara ga wahalar fakin, gara ya aje ta bayan gari su hau jirgin ƙasa. Hanyar Big Sur kuma, wani yankin gaɓar tekun tsakanin biranen biyu, siririya ce, kwana kan kwana, wani lokaci dutse ya zabtaro a rufe ta, to ya bincika kafin ya tashi kuma ban da tuƙin dare, wannan kam ni ma na jaddada masa don hankalina bai kwanta ba. Ya taso daga arewa ya yi kudu, teku na hannun damansa, tsayawa kallo ya fi sauƙi.

Wurin da za a aje motar a kwana a kama tun da watanni. Rigar sanyi dole, can ba zafin Sakkwato ba ne, hazo ko a watan Yuli. Wani dattijo ya ƙara da cewa alƙibla a can arewa maso gabas take.