Ƙafa a kan Jar Ƙasa: Musayar Waƙa kan 'Yan Wasan Taskmaster

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum, 'yan zaure. Shirun ya yi yawa, bari in tsokano. Satin nan na zauna na bi tsofaffin zangunan Taskmaster, shirin barkwancin nan na Ingila da Alex Horne ya ƙirƙiro, wanda ya fara a tashar Dave a 2015 kafin ya koma Channel 4 a 2020. Ga wanda bai sani ba: 'yan barkwanci 5 ake tarawa kowane zango, a miƙa musu takarda mai jan hatimi da aikin shirme a ciki, Greg Davies ya hakimce a kujera yana raba maki yadda ya ga dama, Alex kuma mataimakinsa ne mai riƙe agogo. Tun daga zango na 2, wanda ya fi maki a ƙarshe ya tafi da mutum-mutumin kan Greg mai ruwan zinariya. Sharaɗina ɗaya ne: kowane baiti ya sauka a kan "ya".

Da sunan Allah zan fara,
Kan wasu biyar da aka tara,
Greg na bisa kujera yana harara,
Alex na gefe yana ƙunshe dariya.

Romesh na fara kira, gwanina,
An ce ga minti guda, ga kankana,
Bai nemi wuƙa ba, ku ji magana,
Ya maka ta da ƙasa ya hau haɗiya.

Roisin kuwa sai ta tsaya tunani,
Ta fita neman wuƙa, ku gani,
Ta dawo minti ya bar ta a rani,
Loma guda ce rabonta a duniya.

Bazazzagi:
Ɗan Kurmi, ba ka ba ni mamaki,
Bakano in zai zaɓi gwani a ɗaki,
Sai wanda ya fi kowa cika baki,
Ya ci a ƙasa har amai, ba kunya.

Naka na nan a zango na bakwai,
Phil Wang mai rawayan kaya, akwai
Ciniki! A sa kuɗi, ya taya, a ce kai,
Ya biya na farkon, ya fito da fariya.

Duk abin da ya kawo sai ya ba da labarin yadda ya yi tayi sau uku sau huɗu, mai kaya bai rage ko kwabo ba, shi kuma yana taƙama ya iya kasuwa. Ku gaya mini wa ya tuna muku.

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam, ko da ba ka yi ba.

Bazazzagi ya faɗo babu sallama,
Halin James Acaster ne ya kama,
Alex ya gaishe shi ƙasa da sama,
Zango guda bai amsa ba ko sau ɗaya.

Shi ma Phil ɗin ai ba Bakano ba ne,
Da a Kurmi ya tashi da ya gane,
In an ƙi tayi, tafiya ake a sane,
Mai kaya da kansa zai biyo ka a baya.

A biya kuɗin farko a yi ta murna,
Wannan ciniki sai dai Zariya.

Bazazzagi:
Sati guda ka bar rumfa kana kallo,
Ciniki na wucewa kana gaban allo,
Josh Widdicombe ne kai, sabon salo,
Mai ƙirga wake shi kaɗai a duniya.

Shi kaɗai aka ba aikin ƙirga waken gwangwani, daga baya har da ƙwayar shinkafa, bawan Allah ya duƙa yana yi bai san sauran ba a ba su ba. Shi ne kuma da aka ba kowa Fam 20 ya sayo wa Greg kyauta, ya je aka tsaga masa sunan Greg a ƙafa. Neman fada har da jini.

Uwar Biyu:
Kai, ku biyun nan! Ina tuƙin tuwo waya na ta ƙara, na ɗauka wani abin kirki ne. Josh ɗin da kake yi wa dariya shi ya ci zango na farko, ka manta ko ka ɓoye?

Zango na bakwai ɗin da kuke taɓawa,
James na ta fushi, Rhod na ta tsokanawa,
Kerry Godliman ta yi nata ba tsayawa,
Ta ɗau kan ta bar su da hayaniya.

Wa ke bin ta? Jessica ce, ku duba,
Maki ɗaya tak ya hana su raba,
Ta faɗo daga dandali, ba ta karaya ba,
Mazan nan uku suna layin baya.

Shi Rhod Gilbert ma ba maki ya je nema ba, abokinsa Greg ya je ƙuntata wa. Mutumin da ya ɓuya a kabad ɗin kayan abokinsa yana ɗaukarsa hoto yana barci, me ya rage?

'Yar Zango:
Hajiya ta gama magana! Allah ya bar mana ke, ki ƙara musu.

Daga Kumasi nake miƙo gaisuwa,
Sophie Duker tamu ce, ba tambayawa,
Zango na 13 ta yi cinyewa,
Jinin Gana ne, ku miƙo godiya.

Na Ngaundare:
Yaya 'Yar Zango, a bi a hankali,
Uba na Gana, mun ji, ba jidali,
Uwa fa ta Kamaru ce ta asali,
A nono ake shan wayo da juriya.

'Yar Zango:
Ko a gidanku sunan wa ake kira?
Ranar suna wa ke yanka da tara?
Ka sha nononka, ƙanena, ka jira,
Kan zinariya gidan uba zai kwana lafiya.

Bazazzagi:
Yarinya an haife ta a Landan, ku kuna nan kuna rabon gado. Mu ma muna da Lolly Adefope, iyayenta 'yan Nijeriya ne, amma Noel Fielding ne ya ɗau kan a zango na 4, shi ya sa kuka ji mun yi shiru.

Ɗan Auta:
Salamu alaikum, iyayena da yayyena. Na daɗe ina karatu ban taɓa sa baki ba. Mamaki nake an yi wannan doguwar tafiya ba a ambaci dankalin Joe Wilkinson ba. Zango na 2 ne, 2016. Aka ce a saka dankalin turawa a ɗan rami, amma kada a taɓa jar shimfiɗar da ta kewaye shi. Jifa ɗaya ya yi, ya shiga. Ana cikin tafi aka maido hoton a hankali. Ga ɗan abin da na iya, a yi mini afuwa.

Ya ɗau dankalin nan ya jefa bisa,
A rami ya zauna, ka ce an dasa,
Ashe ga ƙafarsa can a kan jar ƙasa,
Ya roƙe su kar dai a karɓe masa,
Rabo sai ya kufce gaban duniya.

Uwar Biyu:
Tubarkalla! Auta, ashe kura ce a laɓe. "Ka ce an dasa", wallahi har na ga dankalin.

Ɗan Kurmi:
Wannan daga ji ɗan Kano ne.

Bazazzagi:
Daga ji ya yi karatu a Zariya.

Malam Aruli:
Salamu alaikum. Kwana biyu ba na kusa, yau na zauna na bi tun daga farko. Auta, Allah ya yi albarka. Ka shigo da ƙwar biyar inda ake ƙwar huɗu, wannan na yafe. Amma Mutaƙarab ka hau, fa'ulun fa'ulun fa'ulun fa'al, gaɓa 11 kowane ɗango. Ƙirga ɗangonka na uku: a-she-ga / ƙa-far-sa-can / a-kan-jar / ƙa-sa. Ƙafa ta biyu ta ɗauki gaɓa huɗu, sun zama 12. Da ka ce "Ashe ga ƙafa can", da ya zauna daram.

Abin ya yi daɗi, akwai armashi,
Awo dai na ɗauko na auna da shi,
Gaɓa ta yi ƙari, a nan ne rashi,
Ka sare ta, ɗana, ka bar fariya.

Ɗan Kurmi:
Allah gafarta Malam, wace fariya yaron nan ya yi? Da afuwa fa ya shigo.

Ga Alex ɗinmu da usur da agogo,
Kwana biyu yana laɓe a kogo,
Yaro ya yi jifa mai kyau, dogo,
Ya ce a maido hoton a duba baya.

'Yar Zango:
Kai jama'a, kuma a kalmar ƙafa aka kama ƙafar! Malam, ka ji tsoron Allah, dariya za ta kashe ni.

Malam Aruli:
Fariyar amsa-amo ne ya jawo ta, Auta ya san ba da shi nake ba. Kai kuwa Ɗan Kurmi, naka ban auna ba don ban ga abin aunawa ba, wani ɗangon kamu biyu, wani kamu biyar. Wanda ya hau kari shi ake tuhuma da karya. Da dankalin Joe bai shiga ba, wa zai damu da inda ƙafarsa take?

Bazazzagi:
Malam ya faɗa, magana ta ƙare,
Doka in an sa ta sai a tsare,
Baitin Ɗan Kurmi kuwa a share,
Buhun gwanjo ne, ba a san kai da gindinsa ba ko kaɗan a gaskiya.

Ɗan Kurmi:
Ku dubi mai goyon bayan awo! Ɗangonka na ƙarshe ya tashi daga Zariya sai da ya kai Kwanar Dangora kafin ya tsaya.

'Yar Zango:
A dakata. A wannan zango na 2 ɗin aka ce a ɗora manyan ƙwallaye 3 a kan tabarmar da ke bisa tudu. Kowa ya hau kokawa da ƙwallo da iska, Richard Osman ya sake karanta takardar, ya hau ya sauko da tabarmar inda ƙwallayen suke. To mu ma mu koma kan takardarmu. Mai zaure cewa ya yi sharaɗinsa ɗaya ne.

Takarda ta ce a sauka a kan "ya",
Ba ta ce a zo da mudu da tiya,
Auta ya sauka, ya sauka lafiya,
Malam, naɗe tabarmarka ka yi gaba ɗaya.

Uwar Biyu:
Allah gafarta Malam, kakata ta yi shekaru tana waƙar daka, ba ta san fa'ulun ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa ta karya. Kunne ne alƙali. Ni na karanta baitin yaron nan da ƙarfi har sau uku, ban yi tuntuɓe ba.

Malam Aruli:
Hajiya, kakarki tana da ma'auni, taɓarya ce. In gaɓa ta yi yawa sai ta matse ta kafin taɓarya ta sauka, haka makaɗi ke yi da ganga. Rubutacciyar waƙa ba ta da turmi, shi ya sa ake aunawa. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da karuruwa 15, Ahfash ya ƙara Mutadarak suka zama 16, malamanmu suka ɗauko suka ɗora Hausa a kai tun zamanin ajami. Ba ni na ƙaga ba. Kuma in za ku kamanta ni, ku kamanta ni da Greg ɗin, shi ma ya yi shekara 13 yana koyarwa kafin ya shiga barkwanci.

Bazazzagi:
Greg ya haura mita 2, Malam. Mun ga hotonka ranar walima. Alex ɗin dai, shi ma ƙarami ake ce masa.

Malam Aruli:
Kai ma? To Alex ɗin da ake ce wa ƙarami dogo ne, ka je ka duba. Kusa da Greg ne kowa ke komawa yaro.

Ɗan Kurmi:
Na buɗe zaure don a yi nishaɗi,
An mai da shi aji, an kashe daɗi,
Fa'ulun ta cinye hira da faɗi,
Romesh na can, kankanarsa ta zama miya.

Uwar Biyu:
To ya isa. Yadda aka yi wa Joe haka za mu yi: an fitar da shi waje, abokan karawarsa suka yi shawara a kansa. Auta, fita ka ba mu wuri. Baitin ya tsaya yadda yake, ko a sare "sa"? Kowa ya faɗi nasa a taƙaice, ni ce alƙaliya, ba ni da ƙuri'a.

Ɗan Auta:
To Hajiya, na fita.

Ɗan Kurmi:
Ya tsaya.

Malam Aruli:
A sare. Don ina sonsa ne.

'Yar Zango:
Ya tsaya, har da ƙafar.

Bazazzagi:
Tunda Ɗan Kurmi ya ce ya tsaya, a sare.

Uwar Biyu:
Biyu da biyu. Saura Na Ngaundare. Ina ka shiga ne? Kwana uku ke nan.

Na Ngaundare:
Afuwan jama'a, na yi tafiya, yanzu na samu intanet. Yaya 'Yar Zango, ga amsarki.

Ragon suna kwana bakwai ya ƙare,
Goyon uwa shekara biyu a ɗaure,
In Sophie ta yi dariya ku saurare,
Muryar Kamaru ce, ba ta ɓuya.

'Yar Zango:
Inna lillahi. Bawan Allah, an wuce nan tun ranar Talata. Ƙuri'a ake jira!

Na Ngaundare:
Ƙuri'ar me?

Ɗan Auta:
Hajiya, ina waje fa har yanzu. In shigo?