Gyaran ɗakin ƙasa da kuɗi kaɗan: siminti ko makuba?

Maman Sadiya, Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka gama girbi muke gyaran gida da hannunmu. Maigida da yara sun yaɓe bango, ni na shafe shi da farar ƙasa, na ɗinka labule da tsofaffin zannuwana. Saura daɓen ɗaki, kuɗin gyaɗar kuma sun kusa ƙarewa. Mu jira siminti ne?

Baba Magini:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki jira. Ku samo marmara ku baza, ku yayyafa ruwa, a daddaɓe da madaɓi har ta kwanta. Sannan a jiƙa ɓawon ɗorawa, shi ne makuba, a riƙa shafa ruwan ana bari ya bushe. Daɓen iyayenmu ke nan, ba ya ƙura.

Yaya Larai, Wudil:
Gaskiyar Baba ce, amma fa aikin gayya ne, ki tara maƙwabta ki dama musu kunu. Kuma kada ki shimfiɗa leda sai ya bushe sarai, in ba haka ba gara za ta samu gida.

Maman Sadiya:
Na gode. Baba, makubar ta kwana nawa a ruwa?