Maigida na so in sa hannu ya ci bashi daga asusun TSP ɗinsa, ku ba ni shawara

Daga wata 'yar'uwa, ta ce a ɓoye sunanta:

Assalamu alaikum. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Amurka, a ƙarƙashin tsarin fanshon ma'aikatan tarayya da ake kira FERS, kuma tun kafin aurenmu ake yankar masa wani abu a albashi ana zubawa a asusun ajiyar ritaya na TSP. Yanzu yana so ya ci bashin dala 30,000 daga ciki ya ba ƙaninsa jari, ya ce ba za a saki kuɗin ba sai na sa hannu. Ni ko nawa ne a asusun ban sani ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai, a cikin hira ya ambata cewa sunan mahaifiyarsa ya rubuta a matsayin mai karɓar kuɗin in ta Allah ta kasance, tun yana saurayi, bai kuma canza ba. Yaranmu ƙanana ne. Ba na son in zama matar da ta hana miji taimakon ɗan'uwansa, amma hankalina bai kwanta ba. Mene ne haƙƙina a nan?

Baban Ilham:
Wa alaikumussalam. Gaskiya ya faɗa miki. Duk mai aure da ke ƙarƙashin FERS ba a ba shi bashin TSP sai da amincewar matarsa a rubuce, ko da sun rabu da zama, muddin igiyar aure na nan a hukumance. 'Yan tsohon tsari na CSRS ne ake sanar da matansu kawai. Kin ƙi sa hannu, babu bashi. Kin sa, ba ki zama mai biyan bashin ba, izini kika bayar.

Maman Sadik:
'Yar'uwa, ki ɗauki biro ki yi lissafi kafin komai. Bashin da ba na sayen gida ba a cikin shekara 5 ake gama biyansa, kuma daga albashi ake cira kai tsaye. Dala 30,000 a wata 60, dala 500 ke nan duk wata, ban da kuɗin ruwa. Jarin ƙanin ya yi riba ko ya karye, wannan 500 sai ta fita daga cefanen gidanku. Za ku iya? In kuma ya bar aiki ya kasa ci gaba da biya, ragowar za a lissafa ta cikin kuɗin shigarsa a ɗora mata haraji, har da yiwuwar tarar kashi 10 in bai kai shekara 59 da rabi ba. Kada kuma nauyin bashin ya sa ya rage abin da yake zubawa ƙasa da kashi 5 na albashi, don a nan ne gwamnati ke cika masa nata kashi 5.

Abu Hanif:
Ni dai shawarata ki sa hannu a zauna lafiya. Guminsa ne, ɗan'uwansa ne. Matsa bincike shi ke kawo zargi a gida.

Anti Hajiya:
Malam Abu Hanif, ban yarda da kai ba. Wadda doka ta ce sai da sa hannunta, laifi ne don ta nemi ganin abin da za ta sa wa hannu? Ke kuma ɗiyata, maganar bashi ƙarama ce a kan ta biyun, ita nake so ki riƙe da kyau. Sa hannunki yana tsare kuɗin ne yana raye. Amma wanda zai karɓa bayan rasuwa, ma'aikaci na da ikon rubuta duk wanda ya ga dama ba tare da izinin matarsa ba, ba ma sai ta sani ba. Mutane na rikita wannan da asusun ritaya na ma'aikatan kamfanoni da ake kira 401(k), inda doka ta tsaya wa matar aure. TSP ba haka yake ba. Sunan da ke rubuce a wajensu shi suke bi, wasiyya ba ta soke shi, aure ko haihuwa ba sa canza shi. Sai in babu sunan kowa ne suke fara ba mata, in babu ita 'ya'ya, sannan iyaye. Yadda abin yake a yau, Allah Ya kiyaye, ko sisi ba zai biyo ta hannunki ba. Na ga matar da ta tarar da haka tana cikin takaba, da goyo a bayanta, kuma mijin ba mugunta ya yi ba, mantuwa ce. Ana iya rubuta mutum fiye da ɗaya a raba da kaso, don haka ba sai an cire mahaifiyarsa ba. Ki kawo masa maganar ta fuskar yara, cikin ladabi, lokacin da ransa ke sanyi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Anti, wallahi jikina ya yi sanyi. To ni zan iya buɗe asusun in duba da kaina?

Baban Ilham:
A'a, asusun na mutum ɗaya ne, ba a haɗa shi da mata, kuma ko kin kira ofishin TSP ta waya ba za su karanta miki abin da ke ciki haka kawai ba. Ku zauna tare ya shiga shafinsu na intanet, ki ga jimillar kuɗin, ki ga ko akwai tsohon bashi, ki ga sunan da ke wajen magada. A nan zai iya gyara sunayen, ya kuma tabbatar an turo masa shaidar cewa canjin ya shiga, don sai ya isa hannunsu yana raye yake aiki. Bayan nan sai ku yi maganar dala 30,000, ko a rage ta zuwa abin da albashin zai ɗauka.